Lambar da Nazifi Ya Bari a Bango

An ce wai a garin Rafin Gawo an yi wani alƙali, Malam Haladu, mutum mai jinkirin magana, wanda ba ya yanke hukunci sai ya tambayi abin da kowa ya raina.

A garin akwai wani saurayi direba, Nazifi ɗan Alhaji Ɗanbala. Da yake asibiti na da nisa, mata kuma na salwanta a hanya wajen haihuwa, sai ya tashi a ƙofar masallaci ya yi alkawari: duk matar da naƙuda ta zo wa da gardama, a kira shi, zai kai ta. Aka sayo fenti aka rubuta lambar wayarsa a bangon ɗakin shan magani da bangayen ƙauyuka huɗu na kewaye. Shekara uku yana cika alkawari, har mata suka haddace lambar.

Sai ya samu aikin tuƙi a Aljeriya. Cikin mako guda ya shirya. Ya lulluɓe motarsa da tamfol a gidan ubansa, ya zare layin daga wayarsa ya miƙa wa maƙwabcinsu Mamuda tela, wanda aka rufe wa nasa. Ya ce, "Riƙe wannan, kawu, kada ya mutu a banza." Bango kuwa bai bi ta kansa ba. Mutanen cikin gari sun san ya tafi, na ƙauye ba wanda ya gaya musu.

Bayan wata biyu, ranar kasuwa da hantsi, maza duk sun fita, naƙuda ta kama Hansai matar Tanimu a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, jini ya ɓalle mata. Maƙwabciyarta ta kira lambar sau tara. Wayar na ta ruri a aljihun rigar da Mamuda ya rataye, shi kuwa yana kan keken ɗinki bai ji ba. Matan suka zauna jira, domin sun saba idan Nazifi bai ɗauka ba yana tuƙi ne, zai biyo kiran da kansa. Duk macen da ta taɓa durƙusawa ta san abin da sa'a guda take nufi a irin wannan hali, su kuwa sa'a uku suka yi. Da suka fid da rai suka ɗora ta a amalanken shanu. Ba ta kai bakin kwalta da rai ba, ita da abin da ke cikinta.

Da aka gane wanda ke riƙe da layin, samarin ƙauyen suka taso za su ƙone shagon Mamuda, su kore shi daga gari. Da ƙyar dattawa suka karkatar da su zuwa gaban alƙali.

Tanimu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, sau tara. Wayar na hannunsa. Ni ban san komai ba sai wannan."

Mamuda ya ce, "Allah ya gafarta Malam, layi aka ba ni, ba a ba ni alkawari ba. Ni keken da na mallaka ko ƙofar shago ba ya fita. Da na ji ma, da me zan ɗauke ta? Da almakashi?"

Wani daga baya ya ce, "Ka ji shi, har da bakin magana!"

Alƙali ya sa aka kira Alhaji Ɗanbala. Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Yarona ya taimaki garin nan shekara uku, ko sisi bai karɓa ba. Ya tafi neman halalinsa, ya bar layi, ya bar gari. Abin da mutum ya saki ai ba nasa ba ne. Ko so ake ya tuƙo mota daga Aljeriya?"

Nan fa magana ta tsaya. Wanda ya yi alkawari ba ya riƙe da layi, wanda ke riƙe da layi bai yi alkawari ba, ga kuma kabari ɗanye.

Malam Haladu ya juya wajen Alhaji. Can ya ce, "Alhaji, kuna dai gaisawa da yaron?"

"Kullum. Har fuskarsa nake gani ta wasaf. Ya yi ƙiba, Malam, ba ka gan shi ba."

"To kira mana shi mu gaisa."

Alhaji ya kira. Bugu biyu Nazifi ya ɗauka, yana murmushi. "Baba, barka da rana."

Alƙali ya karɓi wayar ya miƙa wa muhutinsa, wato mataimakinsa. Ya ce, "Tanimu, faɗi lambar da ke bangon ƙauyenku. Kai kuma, muhuti, duba wadda aka kira yanzu."

Tanimu ya jero ta da ka. Muhuti ya ce, "Ita ce, Malam. Ko ɗaya ba ta sauya ba."

Alƙali ya ce, "Yanzu ɗauki taka wayar ka kira ta, kira irin na kowa, ba ta wasaf ba."

Muhuti ya kira. Sai ga ruri daga aljihun Mamuda, alhali fuskar Nazifi na nan a ɗaya wayar.

Alƙali ya ce, "Nazifi, an ce ka saki lambar nan. Me ya sa har yau kake amsawa da ita?"

Nazifi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai da ita kowa ya san ni. In na sauya, mutane ba za su same ni ba."

"Da ita Hansai ma ta san ka."

Murmushin ya ɗauke. Sai a lokacin aka gaya masa abin da ya faru, ya rufe fuska da hannu.

Malam Haladu ya ce, "Ku saurara. Lambar nan gida biyu aka raba ta. Rabin da ake gaisuwa da raha, yaro ya sa a aljihu ya haye da shi. Rabin da mata ke kira suna kuka, ya sauke shi a kan tela, bai ko gaya masa abin da ya ɗora masa ba. Wanda bai saki daɗin abu ba, bai saki nauyinsa ba. Saboda haka Mamuda ba shi da laifi, duk wanda ya taɓa shagonsa da ni ya yi. Ajali na Allah ne, ban ce Nazifi ya kashe kowa ba, amma amanar tasa ce har yau. Alhaji, tunda ka tsaya masa, karɓi layin ka sa a wayarka. A yaye tamfol daga motar nan, ka nemo direba. Duk matar da ta kira, gidanka ta kira, har ranar da aka goge bango na ƙarshe aka rubuta lambar wanda ya yarda da bakinsa. Kai kuma Nazifi, unguwarzoma za ta ba ka sunan kowane gida mai mace da ciki a ƙauyukan nan. Ka kira su ɗaya-ɗaya, ka ce musu ka tafi. Ka fara da wannan da ke gabanka."

Aka miƙa wa Tanimu wayar. Nazifi ya ce, "Yaya Tanimu, ka yafe mini. Wallahi ban yi tunani ba."

Tanimu ya dube shi. Ya ajiye wayar a tabarma ya ce, "Malam, 'yarmu shekararta biyu. Kullum sai ta leƙa ɗaki tana neman uwarta. Wannan fa?"

Alƙali ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Wannan ba ya cikin abin da aka ba ni ikon gyarawa."

Cikin kwana huɗu aka goge bangayen duka. Aikin da bai fi na 'yan kwanaki ba ne, da an yi shi kafin Nazifi ya kama hanya.

Don haka, ya kai mai shirin ƙetare, kafin ka ɗaure jaka zauna ka tuna duk inda ka taɓa ba da lambarka, da duk wanda zai kira ta ranar da ya rasa kowa. Lamba ba ta san mai ita ya yi tafiya ba. Alkawarin da ba ka warware da bakinka ba, yana nan yana amsa sunanka a inda ka baro shi.