Yariman da Ya Ɗaura Kan Burtu

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, waɗanda gara ta cinye gefensu, cewa an yi wani sarki a Birnin Tsamiya ana ce masa Ɗanzaki. Ɗansa guda ne tilo, Yarima Kailani, wanda bai damu da doki ko takobi ba, shi dai a bar shi da kallon tsuntsaye. Har kan burtu ya sa aka sassaƙa masa irin na maharba. Sai ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe a fadama don kada tsuntsaye su tashi. Uban kuwa kunya abin yake ba shi, ɗan sarki guda yana jan gwiwa a taɓo.

Wata rana Yarima ya ce, "Baba, ga kacici-kacici. Wane tsuntsu ne in an harbe shi a kan reshe an kashe gidansa duka, alhali kibiya ɗaya aka saki?"

Sarki ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, ina da aikin yi."

Ashe maganarsu ta ƙarshe ke nan. Kashegari wani maharbi mai suna Cindo ya hango burtu cikin ciyawa, ya sakar masa kibiya mai dafi. Da ya ƙarasa ya yaye zane, sai ga Yarima. Shi da kansa ya saɓo gawar har fada yana kuka. Sarki ya sa aka ɗaure shi, ya ce bayan sadakar arba'in a sare kansa.

Sarki ya daina cin abinci, ba abin da ke ƙona masa rai kamar tambayar nan da ya ƙi saurara. Waziri ya ba da shawara aka yi shela, duk wanda ya warware ta ya roƙi abin da yake so. Masu cewa gaggafa suka ce, masu cewa jimina suka ce, ba mai hujja. Ana nan sai ga wani tsohon falke, Mijinyawa, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ga ɗawisu a ƙasar Hindu, na ga aku a Kurmi, har ina taƙama na gama ganin tsuntsaye. Da na ba marigayi labarinsu sai ya yi dariya, ya ja hannuna zuwa wata kuka a bayan ganuwa. Ya nuna mini kogo an liƙe bakinsa da laka, saura 'yar tsaga. Ya ce cilakowa ce a ciki da 'ya'yanta, ta zubar da gashin fukafukanta, ba ta iya tashi. Muna tsaye namijin ya zo da fara a baki, ya miƙa ta tsagar. Yarima ya ce, 'Baba Mijinyawa, in aka harbe wannan, su wancan kogon ne kabarinsu.'"

Sarki ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Wallahi muryar ɗana ce. Faɗi buƙatarka."

Mijinyawa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni Cindo. Matarsa na ɗakin jego, tsohuwarsa makauniya ce, ba mai miƙa musu ko ƙwayar gero sai shi."

Sarki ya ɗago kai ya ce, "Ku kwance shi. Kibiya ɗaya ta rushe gidana, ba zan ƙara mata wani gidan ba."

Ya yafa wa Mijinyawa alkyabba, ya ba shi wurin zama kusa da Waziri. An ce tun daga ranar, kullum da hantsi a kan ga sarki a gindin kukar nan ba ko dogari, yana kallon namijin cilakowa yana ciyar da iyalinsa, yana tambayar tsohon, "Sai kuma me Kailani ya ce?"

Masu hikima suka ce, mai yanke hukunci ya fara leƙa bayan mai laifi ya ga bakin da yake ciyarwa. Uba kuma in ɗansa ya zo da tambaya ya saurare shi tun yana gabansa, don sarki Ɗanzaki a bakin baƙo ya ƙare da jin labarin nasa.