Tsarabar da Kawu Hashimu Ya Mayar Cikin Ruwa

Ka taɓa ganin jirgin ruwa da bishiya ta tsiro a tsakiyarsa? Ni ma da aka fara ba ni labari ban yarda ba. Ku biyo ni, jama'ar wannan shafi.

Akwai wani direban tasi ɗan Maraɗi mai suna Hashimu, mazaunin garin Landover a Amurka. Mutum ne mai kyauta, ko ina ya je sai ya dawo da tsaraba. Amma ba ya son ƙarami ya gyara masa magana.

'Yar ƙanwarsa Mubina a hannunsa ta yi karatu. Da ta gama jami'a sai ta samu kujerar matasa a kwamitin da ke kula da wani keɓaɓɓen lungun ruwa, kudu da Washington, inda tsofaffin jiragen katako suka nutse tun zamanin kakanni. Dokar wurin ɗaya ce: a kalla, kada a ɗauki komai.

To amma masu ziyara sun fara ɓalle guntayen jiragen suna tafiya da su. Wasu 'yan kwamitin suka ce a rufe wurin kawai. Mubina ta miƙe ta ce a'a, a yarda da mutane, in an yi musu bayani za su kiyaye. Aka ɗage hukunci zuwa zama na gaba.

Wata Asabar, Mubina ta ɗauki kawunta a kwalekwale don ya gani. Ruwa ya janye, sai ga haƙarƙarin jirage a jere, baƙaƙe wuluk, ciyawa da bishiyoyi sun fito daga cikinsu. Shaho ya yi sheƙa a kan wani, kifaye na shige da fice ta ƙasa.

"Allahu Akbar," in ji Hashimu.

Can sai ya miƙa hannu ya zare wata doguwar ƙusa mai tsatsa daga jikin katako, ya soka a aljihu.

"Kawu, don Allah a mayar."

"Tsarabar Inna ce. Ƙusa fa, Mubina! Ƙusa guda!"

"Kawu, ni na tsaya gaban mutane na ce a yarda da masu ziyara. In ka tafi da ita, da wane baki zan sake faɗa?"

"To wa ya gani?"

"Ni na gani."

"Bon, to. Ni da na ɗauko ki daga filin jirgi kina kuka, yau ke ce hukuma?"

Mubina ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye sandar tuƙi a cinyarta, ta sunkuyar da kai, ta yi ta jira. Da ya ga kwalekwalen ba zai motsa ba, sai ya mayar da ƙusar raminta. Har suka isa gida bai kula ta ba.

A falo suka tarar da Inna Uwani, mahaifiyarsa, wadda tun da ta zo renon jikoki ba ta san ko'ina ba sai gida da asibiti.

"Ina tsarabata?"

"Ƙusar jirgi na zaro miki, jikarki ta hana."

"Ƙawata, rowa kika koyo a jami'ar?" Ta juya ga ɗanta. "To ba ni labari."

Hashimu ya fara, yana yi yana baza hannuwa: jirage a ruwa, bishiya a cikin jirgi, tsuntsu a kan bishiya.

"Bishiya a cikin jirgi? Hashimu, da furfurarka kake mini tatsuniya?"

Abin ya ci masa rai. Mako na zagayowa ya sa ta a mota ya kai ta bakin ruwan. Tsohuwa ta dafa sandarta ta yi ta kallo, hawaye na zuba.

"Subhanallah. Itace ya mutu a ruwa, wani ya tsiro a kansa. Da kowa ya zari tasa ƙusar, me zan tarar?"

Ranar zaman kwamiti, da aka ba jama'a damar magana, Mubina ta waiga sai ta ga kawunta da abokansa direbobi sun cika layin baya. Inna Uwani ta miƙe ta yi magana da Hausa, jikarta na fassarawa.

"In kun rufe, tsohuwa irina ba za ta gani ba. In an kwashe, nan ma ba za ta gani ba. Ku bar ƙofa a buɗe, ku sa masu tsaro. Ga ɗana nan, baki gare shi."

Zauren ya ɗauki dariya. Kwamiti ya bar wurin a buɗe, da sharaɗin 'yan sa-kai su riƙa raka baƙi. Hashimu ne ya fara ɗaga hannu.

Yanzu duk Asabar yana bakin ruwan, kuma duk wanda zai shiga kwalekwale sai ya ji daga bakinsa: "Hannu a cinya! Tsarabar nan da ido ake ɗaukarta."

Darasi: Abin da aka keɓe don kowa amana ce, ko da ƙusa ce mai tsatsa. Gaskiyar da aka faɗa wa babba cikin ladabi da haƙuri tana shiga, ko ba a ranar ba. Ka tura wa 'yan uwanka wannan labari, kuma in ka je wurin da aka ce a kalla kawai, ka bar shi yadda ka same shi don mai zuwa bayanka.