Libarbar Mahaifina a Hannun Ɗalibaina Uku

Ku gyara zama ku saurara da kyau, don a ƙarshe akwai tambaya, kuma amsarku ita za a yi aiki da ita. Magana ce tsakanina da mutum uku da na koyar a firamare, Mamuda da Zulai da Tanimu. An cuce ni, ina neman haƙƙina, amma zan faɗi abin da kowannensu ya yi, alherinsa da ɓarnarsa, ba ragi ba ƙari.

Kun san lambuna na bayan gari, inda na dasa lemo da gwaiba da mangwaro bayan na ajiye alli. Rijiyar cikinsa tana ƙafewa tun kafin bazara ta kankama. Bara na rasa layi guda na lemo, bana ganyen sauran ya fara naɗewa. Masu haƙa sun zo sun duba, suka ce ruwa ya yi ƙasa, sai burtsatse. Kuɗin fansho kuwa ba ya haƙa burtsatse.

Ana cikin haka ɗakin marigayi mahaifina ya fara yoyo. Da muka kware rufin sai ga akwatin ƙarfe a saman azara, cikinsa libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai majuyi inda ake jera harsashi, tana cikin kubenta na fata. Mahaifina ya yi aiki da wani Baturen likitan dabbobi zamanin allurar shanu, da ita Baturen yake harbe mahaukatan karnuka a rugage, da zai koma gida ya bar masa ita. Ruwan yoyon ya shiga akwatin, tsatsa ta kama ta, majuyin ya ƙi motsi.

Tanimu, mai fataucin fata, shi ya fara cewa kada a raina ta. Ya ɗauki hotonta da kubenta ya aika wa wani Dakta Sambo da ya sani a birni, mutumin da ke da gidan ajiye kayan tarihi nasa na kansa, da izinin hukuma na ajiye tsofaffin makamai. Dakta ya ce kamfanin da ya ƙera ta ya daina yin irinta tun da daɗewa, kuma tun farko kaɗan aka yi. Ya ce idan tana nan kamar yadda ya gan ta a hoto, ga abin da zai biya. Kuɗin da ya ambata ya isa burtsatse da famfo da tanki. Ku riƙe kalmominsa, kamar yadda ya gan ta a hoto.

Na farko da ya karɓe ta Mamuda ne, mai gyaran injin ban ruwa. Na ba shi ita da umarni ɗaya, a tsayar da tsatsar. Duk garin nan babu mai haƙurinsa da ƙarfe. Ya jiƙa ta cikin kananzir da mai, kullum ya ɗan taɓa ya mayar, har majuyin ya saki ba tare da ya karya ko ƙusa ɗaya ba. Shi ya tono lambarta daga ƙarƙashin tsatsa har ta karantu. Da an ƙara damina ɗaya, ko kuma da ta faɗa hannun mai guduma, da dunƙulen ƙarfe kawai za a samu. Amma da ya gama sai ya ga baƙin launinta bai yi masa ba. Ya bi ta da takardar gogewa, ya sa ta a injin goge ƙarfe, ya kawo mini ita tana ƙyalli kamar cokalin amarya, yana murmushi yana jiran yabo. Wannan baƙin launin da ya kankare shi ne fentinta na asali daga masana'anta, kuma tare da shi rabin tambarin kamfanin ya tafi.

Ta biyu Zulai ce, lauya. Magana ta fita daga garejin Mamuda ta zaga gari cewa tsohon hedimasta yana ajiye da bindiga. Izinin da mahaifina yake da shi ya mutu tare da shi. Aka kira ni ofishin 'yan sanda, aka gaya mini cewa irin wannan idan an kama, yanka ta ake yi, mai ita kuma ya gurfana gaban alƙali. Zulai ta bar aikinta a birni ta iso a ranar. Ta nuna musu lambar da Mamuda ya tono, ta nuna cewa harsashinta ma an daina yi, ta kafe har suka yarda ba za a tsare ni ba, ba kuma za a yanka bindigar ba. Ba don ita ba, da yanzu ba ni da libarba, kuma da a kurkuku kuke ziyartata. Sharaɗinsu shi ne a kashe bindigar, a toshe bakinta da walda, a yanke ƙusar da ke bugun harsashi. Zulai ta amsa nan take. Ba ta leƙo waje inda nake zaune a benci ta tambaye ni ba, ba ta kuma kira Dakta Sambo ba, wanda izininsa ya ba shi damar karɓarta da lafiyarta.

Na uku Tanimu ne. Da Dakta ya ji hukuma ta shigo maganar sai ya janye, ya daina ɗaukar waya. Tanimu ya rufe shagonsa ya bi shi har gida, ya koma ya sake komawa, ya kai masa takardar da Zulai ta samo, har ya ɗauko shi a motarsa ya kawo shi zaurena. Ba mu san wani mutum ba, kusa ko nesa, da doka ta yarda ya saya kuma yake so. Ba don Tanimu ba, da bindigar tana rataye a ɗakina ba mai tayawa. Sai dai kafin zuwan baƙon ya dubi tsohon kuben, ya tsage, ya yi fumfuna, yana wari, ya ce abin kunya ne mai sana'ar fata ya gabatar da kaya cikin wannan tsumma. Ya ɗinka sabo da jar fatar akuya, da ado kore, aiki mai kyau, ban musa ba. Tsohon kuwa ya jefa shi cikin tarkacen da yaransa suke hura wutar rini da su. A jikin tsohon kuben akwai hatimin ma'aikatar dabbobi ta wancan zamani, da lamba iri ɗaya da ta bindigar.

Dakta Sambo ya juya ta a hannunsa ya duba ta ciki da waje. Sannan ya bayyana mana yadda ake yi wa irin wannan kaya kuɗi. Ana duba ƙarancinta, wannan yana nan. Ana duba ko launinta na asali ne, ana duba ko tana aiki kamar yadda aka ƙera ta, ana duba ko akwai abin da ya zo tare da ita da zai shaida inda ta fito.

"Malam, wadda na gani a hoto ba ita ce wannan ba," in ji shi. "Waccan tana ba da labarinta da kanta. Wannan sai dai in ce wa masu kallo wani dattijo ne ya gaya mini."

Na ce to ya rarrabe mini, nawa gogewa ta rage, nawa walda, nawa kube. Ya ce ba ya iya wannan lissafi, don a dunƙule yake saye, amma da ɗaya cikin ukun ya tsira, da ya matsa sama sosai. Abin da ya taya bai wuce a ƙara wa tsohuwar rijiyata zurfi a sa mata kwalbati ba, ta sake ƙafewa baɗi. Na karɓa, don babu wani mai saye.

Na tara su uku a gaban mai unguwa. Mamuda ya ce shi ya raya gawa, kuma tun da yake bai taɓa jin inda tsabta ta rage wa kaya daraja ba. Zulai ta ce sauya izini zuwa sunan Dakta aikin watanni ne, kuma ni zan yi zaman jiran a tsare. Tanimu ya ce kafin ya buɗe baki bindigar ba ta da farashin da za a rage. Daga nan suka koma kan juna.

"Kai da ka mayar da kayan tarihi salansar babur, har kana da bakin magana?" in ji Tanimu.

"Ni dai abin da na goge yana nan ana gani," in ji Mamuda. "Naka fa? Sai dai a tambayi toka. Ita kuma Barista ta kai mara lafiya asibiti an yanke masa harshe, ta dawo tana cewa an yi nasara."

Zulai ta ce, "Ku gode wa Allah akwai Malam ɗin da kuke wannan musu a gabansa."

Na tsawata musu. Na gaya musu ban manta alherinsu ba, amma ba wanda na aika ya goge, ko ya toshe, ko ya ƙone, kuma dukansu suna da lambar wayata. Mai unguwa ya kawo shawarar su raba cikon kuɗin burtsatsen kashi uku. Suka ƙi gaba ɗaya, kowa ya ce ba da kaso amsa laifi ne, shi kuwa ceto ya yi. Abin da suka yarda da shi, da shaidu, shi ne a kawo maganar wannan majalisa, duk wanda kuka ce ɓarnarsa ta fi, shi zai cika kuɗin shi kaɗai, kuma kowannensu yana da halin yin haka.

Masu injin haƙa za su tashi zuwa wata jiha ƙarshen watan nan, lemona kuma ba zai kai dawowarsu ba. Mamuda ya ceto ƙarfen ya kankare fuskarsa, Zulai ta ceto ni da bindigar ta bari aka kashe ta, Tanimu ya kawo mai saye ya ƙone shaidarta. To, wane ne a cikinsu ya fi cancanta ya haƙa mini burtsatsen nan?