Kati Mai Kai Rahoto

Istifanus, da girmanka, da furfurar da ta fara fito maka a gemu, ka rasa wanda za ka tambaya sai ni? Kai ka yi boko, matarka ta yi boko, ɗanku Gidiyon ga shi zai hau jirgi ya tafi karatu ƙasar waje yana ɗan shekara goma sha bakwai. Ni kuwa ko sunana aka rubuta a jikin buhu sai an nuna mini. Amma mun gama addu'ar yamma, ko tabarma ba a naɗe ba, ka zo ka ɗora mini takardun banki biyu a cinya, wai in zaɓa wa yaro katin kuɗi. Ni uwarka ce, ba ma'aikaciyar banki ba.

To, tunda a gaban yara ka tambaya, a gabansu za ka ji amsa. Ku matso. Afiniki, ajiye wayar nan. Misali zan ba ku, irin wanda nake ba 'yan makarantar Lahadi, kuma ba na son a katse ni.

Akwai wata mace a wani gari, gwauruwa, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tana da jika mace wadda uwarta ta rasu ta bar mata tun tana goye. Ita ta yaye ta, ita ta sa ta makaranta. Yarinyar kuwa Allah ya ba ta kai. Da ta gama sakandare sai aka zaɓe ta, aka ce za a biya mata karatu a wata ƙasa mai nisa, inda ƙanƙara take zuba kamar gari daga rariya. Makaranta da ɗakin kwana an biya. Abinci da kuɗin mota da sabulu, wannan na gida ne.

Sai matar ta ɗaura zaninta na zuwa sujada, ta kama hannun jikarta, suka tafi banki a birni. Ma'aikacin ya ajiye musu kati biyu a kan tebur.

Ya ce, “Mama, wannan na yarinya ne ita kaɗai. Ku zuba mata, ta kashe, ba wanda zai san abin da ta saya. Wannan kuma a haɗe yake da asusunki. Duk inda ta miƙa shi, ko burodi ta saya, saƙo zai shigo wayarki da sunan shagon.”

Matar ta ce, “Mai kai rahoton nake so.”

Ya ce, “Mama, da Turanci saƙon yake zuwa fa. Wa zai riƙa karanta miki?”

Ta ce, “Ɗana, kati aka ce ka buga ko karatuna aka ce ka auna? Garinmu ba a rasa masu ido ba.”

Yarinyar tana tsaye a gefe riƙe da jakar takardunta. Ba wanda ya tambaye ta wanda take so.

Aka buga kati. Matar ta daka mata yaji ta cika gwangwani, ta ƙulle mata ƙuli-ƙuli, fasto ya yi addu'a, yarinya ta tafi.

A garin nan akwai injin niƙa guda ɗaya, kuma kowace safiya matar takan kai soyayyiyar gyaɗarta can. A nan take haɗuwa da wata tsohuwar malamar firamare, wadda ita ce magatakardar zumuntar mata ta majami'a. Ranar da wayar ta fara ƙara, matar ta kwance bakin zani ta miƙa mata. To, kun san bakin inji. In ba ka ɗaga murya ba, kai ma ba ka jin kanka. Malama ta gyara tabarau, ta buɗe murya kamar tana kiran sunayen 'yan aji: “Jikarki ta sayi burodi da madara!”

Matan da ke layi suka juyo. Wata ta ce, “Madarar Turawa ke nan.” Matar ta ji daɗi har cikin ƙashinta.

Kashegari kuɗin mota. Bayan kwana biyu littafi. Wata rana takalmi. Matar tana iya jiran yamma ta bi Malama gida a karanta mata a ɗaki, su biyu. Ba ta yi ba. Ko da dare saƙon ya shigo, sai ta adana shi har safiya, don a karanta shi inda mutane suke. Tana son a san jikar mai ƙuli-ƙuli tana cin kasuwa a ƙasar da matar dagaci ba ta taɓa takawa ba.

Ana nan, sai lokacin sanyi ya shiga a can. Wata safiya Malama ta karanta, “Kemis.” Bayan kwana huɗu, “Kemis.” Mako bai cika ba, “Kemis,” sannan wani ƙaramin asibiti. Ranar nan Malama ta cire tabarau ta ce, “Budurwa ita kaɗai a ƙasar mutane, kemis sau uku, asibiti sau ɗaya. Allah dai ya sa lafiya.”

Ba ta ƙara komai ba. Ba sai ta ƙara ba. Kafin ranar kasuwa maganar ta zaga gari. Mai sayar da daddawa ta gaishe da matar ta ce, “Sannu kakar 'yan ƙasar waje. An ce kin kusa ganin tattaɓa-kunne. Fari za a haifa mana ko irin namu?”

Matar ta bar cinikinta, ta koma gida, ta sa aka danno mata lambar yarinyar. Ba ta gaishe ta ba. Ba ta tambayi kwananta ba.

Ta ce, “Me kike saya a kemis?”

Yarinyar ta ce, “Kaka, tari nake yi. Sanyin nan ya...”

Ta ce, “Tari. Ni za ki gaya wa tari? Faɗa mini wanda ya yi miki.”

Sai yarinyar ta yi tari, mai nauyi, daga can cikin ƙirji. Matar ta ji shi da kunnenta. Ta yi jinyar mijinta da irin wannan tarin har ta rufe masa ido, ta san shi sarai. Amma a ranta ta ce na munafunci ne.

Yarinyar ta ce, “Kaka, wa yake karanta miki saƙon?”

Ta ce, “Ina ruwanki? Duk gari sun sani. Kin sa ba na iya ɗaga kai a kasuwa.”

Yarinyar ta ce, “To, Kaka.” Iyakar abin da ta ce ke nan.

Daga ranar wayar ta yi shiru. Ba kemis, ba asibiti. Ba burodi ma, ba kuɗin mota. Mako ɗaya, mako biyu, wata guda. Mace mai hankali za ta tambayi kanta: yarinyar da ba ta sayen burodi, me take ci? Wannan matar ba ta tambaya ba. Ta je zumunta ta ce, “Na tsawata mata sau ɗaya, ta shiga hankalinta. Haka ake riƙon yaro.” Ranar Lahadin godiya ta kama kazarta mafi ƙiba, ta ɗaure mata ƙafa, ta bi layi tana rawa ta kai ta gaban majami'a. Fasto ya tambayi dalilin godiya, ta ce Ubangiji ya shiryar mata da jika.

A kwana na arba'in da ɗaya wayar ta yi ƙara. Wannan karon kira ne, kuma ba muryar jikarta ba ce. Wata yarinya ce 'yar Maraɗi da suke ɗaki ɗaya.

Ta ce, “Mama, jikarki tana asibiti tun shekaranjiya. Sanyi ya shiga haƙarƙarinta, da na'ura take numfashi. A hanya ta faɗi, don ta daina hawa mota, da ƙafa take zuwa makaranta cikin ƙanƙara. Abin da na dafa shi muke ci tare. Na yi ta roƙonta ta sayi magani, ta ce duk abin da ta saya ana shelarsa a bakin injin niƙa. Katin ma a cikin gwangwanin yaji na same shi.”

Matar tana tsaye a tsakar gida da muciya a hannu. Man da ke kan wuta ya ƙone, ba ta sani ba.

Yarinyar ba ta mutu ba, Ubangiji ya yi jinƙai. Amma ta rasa shekara guda ta karatu, kuma har yau in sanyi ya shigo ƙirjinta yakan tashi. Matar ta miƙe a taron zumunta ta faɗi gaskiya, ta ce tari ne, ba abin da aka ce ba. Mata goma sha huɗu ne a wurin ranar. Waɗanda suka ji na farkon kuwa duk gari ne da ƙauyukan gefe. Kaza kuma an riga an yi gwanjonta a majami'a, an cinye.

Yarinyar ta gama karatu, ta sami aiki, tana aiko wa kakarta da kuɗi. Kowace Lahadi takan kira ta gaishe ta cikin ladabi. In an ce ya jiki, ta ce lafiya lau. Ya aiki, lafiya lau. Shekara tara ke nan ba ta sake gaya wa kakarta ko ciwon kai ba.

To, ku buɗe kunne, ga ma'anar misalin nan.

Katin bai yi ƙarya ba. Kemis ya ce, kuma kemis aka je. Amma kati sunan shago ya sani, bai san ƙirjin mai saye ba. Matar ita ce duk uwa da duk uban da ke son ya ga abin da ɗansa yake yi fiye da yadda yake son ya san halin da ɗan yake ciki. Bakin injin niƙa shi ne duk inda kuke kai maganar 'ya'yanku don a yaba muku: zumunta, shagon aski, wannan taron dangi da kuke yi a cikin waya. Inda ka kai labarin ɗanka don a tafa maka, can za a yanka shi ranar da labarin ya juya. Shirun wayar kuwa shi ne shirun yaron da ya daina gaya maka komai, kai kuma kana ce masa biyayya. Kazar nan ita ce godiyar da muke kai wa Allah a kan abin da ya kamata mu durƙusa mu tuba a kansa.

Ubangiji yana ganin komai namu, har wanda ba mu kai ga yi ba. Da yana kai rahotonmu bakin inji, wa zai iya shiga majami'a ran Lahadi? Yana gani, yana rufawa, yana jira mu zo mu faɗa da bakinmu. Wanda yake son ya ga komai na ɗansa, sai ya fara koyon wannan rufawar. In ba zai iya ba, ya rage gani.

Yanzu kai Istifanus. Ka ɗauki wanda zai yi aiki a ƙasar da yaron zai je, wanda in ya kira da safe ya ce yana cikin matsala, kuɗi za su same shi kafin rana ta faɗi. Ka tambayi nawa suke yanka a kowane cirewa, kada kunya ta hana ka. Sannan ka tafi da Gidiyon bankin, ka tambaye shi wanda yake so, a gaban ma'aikacin. In mai kai rahoton kuka ɗauka, wayarka kaɗai zai shiga, kuma abin da ka karanta ya tsaya a cikinka. Ranar da ka ga kemis, ka kira ka ce, “Ya jikinka?” Ranar da ka ga shiru, kada ka kama kaza. Ka kira. Kuma ka saya masa rigar sanyi ta gaske tun daga nan, ba irin ta gayu ba.

Kai kuma Gidiyon, in ba ka da lafiya ka sayi magani, ko duk Najeriya za ta ji.

Me kika ce, Afiniki? Wai Yaya Liyatu ma tana tari in sanyi ya shigo? Na ce ba na son a katse ni.

Eh. Ita ce. Kazar ma ja ce, mai kwanciya a bayan rumbu. Daina kallona haka, Istifanus. Kana aiki a kudu lokacin, sanyi aka ce maka ya kama 'yar yayarka, sauran ni na hana a gaya maka. Na faɗa wa zumunta, na faɗa wa fasto, na faɗa wa Ubangiji. Ita ce kaɗai ban taɓa ce wa ta yafe mini ba.

Gobe da safe, kafin ka tafi banki, ka danno mini lambarta ka ba ni wayar. Sannan ka fita, ka ja mini ƙofa. Kada kowa ya tsaya kusa da taga.

Kwashe takardunka daga cinyata. Ku kuma ku tashi, misali ya ƙare. A naɗe tabarmar nan, kowa ya wanke ƙafa ya je ya kwanta.