Wasiƙar da Ta Iske Tasi'u a Gonar Albasa

Ku kife wayoyin nan tukuna ku ba ni kunnuwanku, don labarin ɗan zamaninku ne, kuma in na gama ku za ku yi alƙalanci.

Akwai wani Tasi'u, mutumin Malumfashi, ɗan shekara talatin da huɗu, da ke aiki a wani babban kamfanin inshora a Abuja, irin benen nan na gilashi da ba a buɗe tagoginsa. In ya zo gida da Sallah har nuna shi ake yi, ana cewa yaro ya samu duniya. Ba wanda ya san cewa tun da kamfanin ya rage ma'aikata, aikin mutum uku aka jibga masa. Saƙon oga bai san Asabar ba, bai san Lahadi ba. Abincinsa a gaban kwamfuta yake hucewa, barci ya ƙaurace masa, waya kuwa ko ta wani ce ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. Kun dai san gaisuwarmu, in an ce ina gajiya, sai mutum ya ce ba gajiya. To Tasi'u ya riƙe amsar nan da gaske, har kansa yake faɗa wa. Tsoro yake ji ƙwarai, don ya san masu digiri nawa ne ke jiran kujerarsa.

Wata Talata da hantsi, ranar da zai gabatar da rahoto gaban manyan kamfanin, ya ajiye mota ya kasa fitowa. Ƙirjinsa kamar an ɗora masa buhun masara, ya ma manta rahoton na mene ne. A ransa ya ce shi ke nan, ko mutuwa ce ko hauka.

Jafaru, abokin aikinsa da teburinsu ke manne, shi ya lura kujerar ba kowa. Ya sauko ya same shi jiƙe sharkaf da gumi. Bai yi masa dogon surutu ba, ya sa aka kai shi asibiti, ya ɗauki kwamfutarsa ya hau sama ya gabatar da rahoton da sunan Tasi'u. Ya gaya wa oga zazzaɓi ne mai zafi, ya nema masa hutun wata uku, ya kuma ɗauki alkawarin haɗa aikinsa da nasa har ya dawo. Ba don Jafaru ba, da a ranar za a sallame shi.

Aka kawo shi Malumfashi. Dangi suka duba suka ga saurayi ba ciwo ba rauni, amma ba ya magana, yana firgita da ƙarar waya. Nan take suka yanke cewa sammu ne, wani mai hassada a ofis ya jefe shi. Aka shiga hayaƙi da rubutun sha, sati biyu yana ta ramewa, har aka fara shirin kai shi wani ƙauye inda ake ɗaure masu taɓin hankali. Sai yayarsa Hansatu, ma'aikaciyar jinya a Funtuwa, ta iso. Ta auna jininsa ta ga ya hau matuƙa, ta tare ƙofar ɗakin ta ce wa kawunnansu, "Ba wanda ya jefe shi. Aiki ne ya cinye shi, kuma ba inda za a kai shi sai wurin likita." An kira ta mara kunya, wasu har yau ba sa amsa gaisuwarta. Ita ta ƙwace wayarsa ta kulle, ita ta tsare shi kan magani. Ba don Hansatu ba, da jinin nan ya buge shi, ko ya ƙare a mari.

Jini ya sauka, amma mutum bai dawo ba. Yini yake yana kallon bango, yana jin shi ba shi da wani amfani tunda ba ya aiki. Sai Ilu, abokinsa tun firamare, wanda ke noman rani a gefen wani dam, ya zo da babur ya ce ya hau. Ilu bai iya rarrashi ba. Fartanya ya miƙa masa, yana yi masa dariya wai mai digiri biyu bai iya bambance albasa da ciyawa ba. Tasi'u ya yi ban ruwa har tafinsa ya yi kanta. A sati na uku ya ci tuwo ya nemi ƙari, ya yi barcin da ya shekara bai yi ba, ya kuma ji kansa yana dariya. Ba don Ilu ba, da ya rayu, amma ba zai sake zama Tasi'u ba.

Ana cikin haka wasiƙa ta iske shi a gona: hutu ya ƙare, ya koma ran Litinin ko a sallame shi. Yana karantawa ya ji buhun masarar nan ya dawo ƙirjinsa.

Hansatu ta ce in ya koma benen nan gawarsa za a kawo mata. Ta riga ta yi masa hanyar ƙaramin aiki a Funtuwa, kusa da ita da likitansa, kuma ba ta ɓata da dangi don ya mayar da kansa can ba. Ilu ya ce ofis ofis ne, babba ko ƙarami, ya zauna su raba fadamar, tunda nan ne kaɗai aka ga haƙoransa. Shi ko Jafaru da kansa ya zo ran Asabar. Tasi'u ya ga ya zabge, idanunsa sun faɗa.

"Ba zan matsa maka ba," in ji Jafaru. "Amma na faɗa musu za ka dawo. In ba ka dawo ba, aikin naka ya zama nawa har abada, ni kuwa wallahi na fara manta sunayen 'ya'yana."

In Tasi'u ya koma, yana tsoron ransa. In ya ƙi, ya san sarai ciwon da ke jiran Jafaru, don shi ya fara ɗanɗana shi.

To, ga ku ga Tasi'u. Ɗaya ya tsare masa aikinsa, ɗaya ta tsare masa ransa, ɗaya ya dawo masa da hankalinsa, kuma ba yadda zai bi ɗaya bai juya wa biyu baya ba. A cikin ukun nan, maganar wa ta fi cancanta ya bi?