Takalmin Dudu a Ƙofar Kaka

Akwai wata dattijuwa da jikokinta ke kira Kaka Tsaf-tsaf, saboda tsabar tsaftarta. Dokarta ɗaya ce: takalmi ba ya ƙetare ƙofar ɗakinta. Ko likita ne ya zo duba ta, sai ya tuɓe kafin ya taka kafet ɗinta.

Tana da jika mai suna Dudu, yarinya mai surutu kamar rediyo, wadda aka haifa da rauni a ƙafar hagu. Bayan doguwar zirga-zirga a asibiti, aka haɗa mata takalmi na musamman mai ƙarfe a gefe da maɗaurai har gwiwa. Mai haɗa takalmin ya ja kunnen mahaifiyarta:

"Kullum ta wuni da shi, tana takawa. Yanzu ne ƙashinta ke karɓar gyara. Idan lokacin ya wuce, ƙafar za ta sandare a karkace."

Maman Dudu tela ce. Kowace safiya takan ɗaura wa yarinyar takalmin, ta ajiye ta a wurin surukarta, ta wuce shago hankali kwance.

Da aka koma asibiti bayan wasu watanni, mutumin ya juya takalmin ya duba ƙasansa, ya ɗago kai.

"Hajiya, wannan ai sabo ne fil. Ba a takawa da shi. Ƙafar ma ta fara komawa yadda take."

A hanya Maman Dudu ta lallaɓa yarinyar, Dudu kuwa ba ta iya ɓoye magana.

"Kaka ce ke cire min a bakin ƙofa. Sai in yi rarrafe."

Washegari Maman Dudu ta durƙusa gaban surukarta, ta gaishe ta, ta yi bayani cikin ladabi. Kaka ta taɓe baki.

"Uban yarinyar nan da gemunsa ba ya shigo min da takalmi. Kuma ƙarfen nan azaba ne, tausayinta nake ji. Ku bar min ƙawata ta huta."

Da wata ce, da ta yi zuciya ta ɗauke 'yarta. Amma shagon ɗinki cike yake da allurai da almakashi, ga shi Dudu ba ta da abokiyar hira kamar kakarta. Maman Dudu ta haɗiye ɓacin ranta, ta ce a zuci: yarinyar nan sai ta yi tafiya, kuma a ɗakin nan.

Ta ɗinka wa takalmin riga da ƙyalle mai kauri, yadda ba zai taɓa kafet ba. Kaka ta ɗaga shi da yatsu biyu ta ce, "Takalmi ko an sa masa rawani, takalmi ne."

Maman Dudu ta sayo burushi tana wanke ƙasansa a gaban idon tsohuwar kullum. Kaka ta kau da kai.

Daga nan sai uwar ta daina zuwa shago da safe. Takan zauna a barandar Kaka, ta riƙe hannun Dudu suna kai da kawowa a waje, tsohuwar na leƙensu ta labule tana tsaki. Masu kawo ɗinki suka fara guduwa, mijinta ya ce ta haƙura ta bar rigimar. Ta ce ita ba rigima take yi ba, tafiya take koya wa 'yarta.

Wata rana Dudu ta saki hannun uwarta, ta taka ita kaɗai har bakin ƙofar ɗakin. Murna ta cika ta. Sai ta tsaya cak, ta zauna a ƙasa, ta fara kwance maɗaurin da kanta.

Kaka ta ce, "Ƙawata, me kike yi? Ba ga shi kina tafiya ba?"

"Wurinki zan zo, Kaka. Ai a ɗakinki ni gurguwa ce."

Jama'a, ba da tsiwa ta faɗa ba. Yadda ta san abin yake, haka ta faɗe shi. Idon tsohuwar ya ciko da ƙwalla. Ta sauko daga kujera da ciwon gwiwarta, ta durƙusa gaban yarinyar, ta dubi surukarta.

"Zo ki nuna min yadda ake ɗaura abin nan."

Sai da ta ɓata sau da yawa kafin ta iya. Sannan ta koma ƙuryar ɗakin ta buɗe hannuwa, Dudu ta tako a hankali, ƙarfen na ƙara, har ta faɗa jikinta.

Dokar Kaka tana nan har yau. Kwanaki wata baƙuwa da aka sa ta tuɓe takalmi ta nuna Dudu ta ce, "To ita fa?"

Kaka ta harare ta. "Wannan ƙafar jikata ce. Ke za ki iya cire taki ki ajiye a waje?"

Darasi: Takalmin gyara ko sandar yaro mai lalura ba kayan ado ba ne, da su yake tsayuwa. Duk dokar gidanmu da za ta mayar da shi rarrafe, mu ne ya kamata mu sassauta. Ku tura wa iyaye da kakanni, wataƙila akwai wata Dudu a gidansu.