Kurege da Takardar Dangwale

Ga ta nan tafe, ku gyara zama ku ji.

Shekarar da kamfanin waya ya shigo daji, Raƙumin Dawa aka ɗauka aikin turken sabis, aka ɗaura masa faranti a ka, aka hana shi sunkuyawa. Manaja kuwa Ɓauna ce, ba ta dariya ko ranar salla.

Kurege, wanda ake wa laƙabi da Ɗanlasan, yunwa ta ci shi har wutsiyarsa ta fi shi nauyi. Ya je sayen layi, Ɓauna ta karanto masa sharaɗi: duk wanda ya dangwala a takarda, in layinsa ya jawo wa kamfani fitina, shi zai tare ta. In duka ne bayansa, in cizo ne wuyansa, kamfani ba ruwansa.

"Ni Ɗanlasan, na ci da bakina a biya da bayan wani," in ji shi a ransa. Ya karɓi takardar, wai zai je ya yi shawara.

Ya rataya 'yar jaka ya zama mai yankan farce, ya tarar da Kura tana hamma a inuwa. Ya gyara mata farce tsaf, ya shafa mata tawada a tafi wai sabon maganin kaushi ne, ya goge da takardar. Kura har godiya ta yi.

Kurege ya mayar wa Ɓauna takardar, ya karɓi layi. Da gari ya waye ya kira Zaki a waya da muryar boka, ya ce gashin wuyansa zai zube ranar Laraba in bai ajiye buhun gyaɗa a gindin tsamiya ba. Zaki ya ajiye. Da ya gane an yi masa wayo, ya ɓalle ƙofar kamfani yana ruri. Ɓauna ko gezau, ta zaro takarda ta nuna masa tafin Kura. Ranar Kura ta daku, ba ta ma san laifinta ba.

Da gari ya waye Kurege ya kira Dorina, wai za a ɗauke kogi a mayar da shi gabas, mai son a bar masa gurbinsa ya aiko da kwandon dabino. Dorina ta aiko. Da yamma aka nuna mata takarda, ta je ta zauna a kan Kura.

Wallahi Kura ta ba ni tausayi. Ta rarrafo ofis tana rantsuwa ko waya ba ta taɓa riƙewa ba. Ɓauna ta ce kamfani bai san fuska ba, dangwale ya sani. Amma ita ma ta gaji da gyaran ƙofa.

Da gari ya waye aka tara dabbobi, aka yi shelar garaɓasa: layin da ya fi kowane surutu ya ci rumbun gyaɗa guda, kuma na Kura ne. Kurege na bayan taro yana ji. Rumbu guda, ga wadda ko gyaɗa ba ta ci! Ya yi tsalle ya dire gaban tebur.

"Layin nan nawa ne. Wa ya isa ya yi wannan surutu in ba Ɗanlasan ba?"

Ɓauna ta nemi shaida. Ya shaƙe murya irin ta boka, ya maimaita zancen ɗauke kogi, har yana juyi don a yaba. Ta miƙo tawada, ya dangwala da hannu biyu saboda zumuɗi.

"Madalla," in ji Ɓauna. "Mai layi ya bayyana. Masu ƙorafi ku yi sahu."

Zaki ya mare shi ya faɗa gaban Dorina, Dorina ta shure shi ya faɗa bakin Kura, Kura ta kama wutsiya. Ya fizge ya bar mata rabin gashin, ya faɗa rami yana ɗingishi. Rumbun kuwa ko ƙwaya babu a ciki.

Daga can ƙasa aka jiyo muryarsa: "Kwana biyu na ƙoshi, kwana ɗaya na daku. Ku tambayi Kura wa ya ci riba."

Ƙurunƙus, a nan ta tsaya.